Yadda Ake Auna Matsin da ke Kan Tafin Ƙafa daga Nauyin Jiki da Girman Sawu

Mutum biyu za su iya hawa sikeli ya nuna kilo 70 ga kowannensu, amma idan suka taka laka ɗaya ya nutse fiye da ɗaya. Nauyinsu ɗaya ne, faɗin wurin da nauyin ya sauka a kai ne ya bambanta. Wannan shi ne matsi: ƙarfin da ke danna wuri, a raba shi da faɗin wurin. Nauyi ya ƙaru, matsi ya ƙaru. Tafin ƙafa ya yi faɗi, matsi ya ragu. Dalilin ke nan da ya sa raƙumi, duk da nauyinsa, yake tafiya a kan rairayi ba ya nutsewa, domin tafinsa yana bajewa duk lokacin da ya taka.

Ana iya yin wannan awo a gida da kayan da ba su taka kara sun karya ba. Lissafin farko mai sauƙi ne, sai dai abin da yake bayarwa matsakaici ne kawai. Abin da ke kawo ciwo, kanta da gyambo shi ne wurin da matsi ya taru, don haka za mu fi daɗewa a wajen nan.

Kayan aiki

Sikelin auna mutum, takarda mai gidajen lissafi wadda za ta ɗauki ƙafa gaba ɗaya, fenti mai wankuwa da ruwa ko tawada, soso, fensir, rula, kalkuleta, da katako ko littafi mai kauri wanda tsayinsa ya yi daidai da na sikelin. A sami daɓe mai tauri kuma shafaffe. Kafet yana ɓata awon sikeli, yana kuma ɓata sawu.

Kafin komai, auna gidan takardar da rula. Idan kowane gefensa santimita 1 ne, gida ɗaya murabba'in santimita 1 ke nan. Idan milimita 5 ne, sai an haɗa gida huɗu ake samun murabba'in santimita 1. Da yawa a nan suke ɓata aikin tun ba a je ko'ina ba.

Mataki na 1: mayar da nauyi zuwa ƙarfi

Hau sikeli ba takalmi, ba kaya masu nauyi a jiki. Kilo yana nuna yawan jiki ne, shi kuwa lissafin matsi yana buƙatar ƙarfin da ƙasa ke jawo jikin da shi, wanda ake aunawa da niyuton, sunan da aka ɗauko daga masanin Ingila Isaac Newton. Ninka kilo da 9.8. Mai kilo 70 yana danna ƙasa da niyuton 686. Mai kilo 100, niyuton 980.

Mataki na 2: ɗaukar sawu

Wanke ƙafa ka tsane ta. Shafa fenti da soso siriri a tafin gaba ɗaya, har da ƙarƙashin yatsu da kwarmin tsakiya, ko da kana ganin kwarmin ba ya taɓa ƙasa. Takarda ce za ta yanke wannan hukunci. Zauna a kujera, ɗora ƙafar a kan takarda a hankali, sannan ka miƙe tsaye sosai, ƙafafu a ware daidai faɗin kafaɗa, ido yana kallon gaba. Tsaya kamar daƙiƙa 5. Koma ka zauna, danne takardar da hannu, ɗaga ƙafar sama kai tsaye ba tare da ja ba. Yi wa ɗaya ƙafar haka a wata takardar, domin da wuya a sami ƙafafu biyu masu girma ɗaya cif.

Kada ka zagaye ƙafa da fensir ka ce ka sami faɗinta. Zagayen yana haɗawa da kwarmin tsakiya da ramukan da ke tsakanin yatsu da gefen da bai taɓa ƙasa ba, sai faɗin ya fito fiye da gaskiya, matsin kuma ya fito ƙasa da gaskiya. Abin da ya ɗauki nauyi kawai ake so, shi ne wanda fenti ya bari a takarda.

Sawun da aka ɗauka a zaune ƙarami ne, saboda ƙafa ba ta baje ba. Fenti mai yawa yana malalewa ya ƙara faɗi. Leƙa ƙafa yayin tsayuwa yana tura nauyi gaba, sai sawun dunduniya ya yi fari-fari. Idan sawu ya goge ko ya fito biyu-biyu, sake wani. Mafi kyau a ɗauki uku a kowace ƙafa a fitar da matsakaicinsu.

Mataki na 3: ƙirga faɗi

Bari fentin ya bushe, sannan ka bi bakin sawun da fensir mai tsini. Ƙirga gidajen da suka cika, kana sa ɗigo a kowanne don kada ka maimaita. Na baki-baki kuwa, wanda fenti ya ci rabinsa ko fiye ka lissafa shi ɗaya, wanda bai kai rabi ba ka bar shi. Ragin da ƙarin suna cinye juna. Tun yanzu ka rubuta adadin kowane sashe daban: dunduniya, tsakiya, gaban tafi wato gindin yatsu, da yatsun kansu. Za a buƙace su nan gaba.

Sawun babban mutum yakan faɗo a kewayen murabba'in santimita 100, ya ɗan gaza ko ya ɗara da kaɗan, gwargwadon girman ƙafa da zurfin kwarminta. Idan ka sami 30 ko 400, koma ka duba girman gidajen takardarka.

Mataki na 4: rabawa

A ce sawun dama ya ba da 112, na hagu 108, jimla 220. Raba niyuton 686 da 220, ka sami kusan niyuton 3.1 a kan kowane murabba'in santimita. Ma'aunin matsi na duniya shi ne faskal, wato niyuton 1 a kan murabba'in mita 1, daga sunan Bafaranshe Blaise Pascal wanda ya rayu daga 1623 zuwa 1662, kuma faskal 1,000 shi ne kilofaskal 1. Hanya mafi gajarta: ninka abin da ka samu da 10. Ke nan 3.1 ya zama kilofaskal 31. Don a gane girman adadin, iskar da ake sa wa tayar ƙaramar mota takan kai kilofaskal 220 ko kusa da haka.

Idan mutumin ya ɗaga ƙafa ɗaya, nauyin duka ya koma kan sawu guda, matsin ya kusan ninkawa zuwa wajen 60. An ce kusan ne saboda ƙafar tana ƙara bajewa kaɗan idan ta ɗauki jiki ita kaɗai.

Kuskure biyu ne suka fi yawa a nan. Na farko, raba nauyin jiki duka da sawun ƙafa ɗaya alhali an tsaya da biyu. Na biyu, wajen mayar da murabba'in santimita zuwa murabba'in mita: da 10,000 ake rabawa, ba da 100 ba. Wanda ya bi hanyar ninkawa da 10 ya huta da wannan.

Abin da adadin ke nunawa game da nauyi da girman ƙafa

Ɗauki mutum uku na misali. Na farko shi ne wanda muka lissafa, kilo 70 a kan faɗi 220, matsi 31. Na biyu ma kilo 70 ne amma ƙafarsa ƙarama, jimlar sawunsa 170: raba 686 da 170 ya ba da kilofaskal 40. Na uku mai kilo 100 ne, jimlar sawunsa 240: raba 980 da 240, kilofaskal 41. Wato mai ƙaramar ƙafa da mai ƙiba sun haɗu a wuri ɗaya ta hanyoyi daban. Idan kuma na farkon ya ɗauki kaya mai kilo 20, ya zama 90, shi ma ya tarar da su a 40, domin ƙafa ba ta bambance nauyin jiki da nauyin kaya.

A nan akwai abin lura. Nauyin babban mutum zai iya ƙaruwa da kilo 20 ko 30, amma ƙasusuwan ƙafarsa sun gama girma tun yana matashi. Ƙafar takan ƙara faɗi, kwarmin ya sauko, tsakiyar tafi ta fara taɓa ƙasa, sai dai ƙarin faɗin ba ya kamo ƙarin nauyin. Shi ya sa ƙiba ke ɗaga matsi, musamman a tsakiyar tafi da gindin yatsu.

Ko ba ƙiba ma, girman jiki shi kaɗai yana ɗaga matsi. Idan aka ƙara wa mutum kashi 10 cikin 100 ta kowace fuska, tsayi da faɗi da kauri, faɗin sawunsa zai ninku da 1.21, nauyinsa kuwa da 1.33. Nauyi ya tsere wa faɗi, matsi ya hau da kashi 10 cikin 100. Galileo ya yi bayanin wannan ƙa'ida tun 1638. Ita ce ta sa matsin da ke ƙarƙashin ƙafar yaro ya gaza na babba: yaro mai kilo 25 da jimlar sawu 130 yana kan kilofaskal 19 ne kacal. Saboda haka babbar ƙafa ba ta nufin ƙaramin matsi sai an ga jikin da take ɗauke da shi.

Lambar takalmi kuwa ba abin dogaro ba ce a wannan lissafi. Tsawo take aunawa. A tsarin Turai kowace lamba kashi biyu cikin uku na santimita ce, a na Ingila kashi ɗaya cikin uku na inci. Mutum biyu masu sa lamba 42, ɗaya siririyar ƙafa mai zurfin kwarmi, ɗaya faffaɗa shimfiɗaɗɗiya, sawunsu zai bambanta nesa ba kusa ba.

Mataki na 5: gano inda nauyin ya taru

Ga inda gizo ke saƙar. Ƙafa tana da ƙasusuwa 26, kuma ba ta sauke nauyi bai ɗaya kamar tubali. A tsaye, dunduniya ce ke ɗaukar kaso mafi tsoka, wajen kashi 60 cikin 100 ga yawancin mutane. Gindin yatsu, inda kawunan dogayen ƙasusuwa biyar suke, yana bi mata da kusan kashi 30, tsakiya da yatsu su raba ɗan abin da ya saura.

Da sikeli ɗaya za ka iya ganin naka rabon. Ajiye katakon nan kusa da sikeli, tsayinsu ɗaya. Ɗora ƙafar dama a sikeli, ta hagu a katako, ka tsaya yadda ka saba, wani ya karanta maka adadin. Kada ka sunkuya ka duba da kanka, da zarar ka sunkuya adadin ya canza. Juya ka yi wa hagu. Idan ɗaya ta nuna 38 ɗaya 32, kana jingina gefe guda, abin da aka fi gani ga mai ciwon gwiwa ko ƙugu, ko wanda ƙafarsa ɗaya ta ɗan fi tsawo. Allurar sikelin za ta riƙa rawa, domin jiki a tsaye ba ya daina ɗan lilo. Ɗauki tsakiyar rawar.

Sai rabon gaba da baya. Sa katako a gaban sikeli, ɗora dunduniyoyi biyu a kan sikeli, gaban tafi a kan katako, gaɓar ta faɗo a tsakiyar kwarmi. Dafa bango kafin ka daidaita, amma saki kafin a karanta. A ce ya nuna kilo 42 daga cikin 70. Ninka da 9.8, niyuton 412. Idan faɗin kowace dunduniya 30 ne a sawu, jimla 60, matsin dunduniya ya zama kusan kilofaskal 69, fiye da ninki biyu na matsakaicin 31 da aka fara samu. Dunduniya tana jure wannan saboda kaurin kitsen da ke ƙarƙashinta, wanda ke aiki kamar matashi. Kitsen nan yana raguwa da shekaru, shi ya sa dattijo zai ji daɓe yana cin ƙafarsa ko da nauyinsa bai ƙaru ba.

Mataki na 6: auna kwarmin tafi

Wannan awo ne da masu binciken ƙafa Cavanagh da Rodgers suka fitar a 1987. A kan sawun, bar yatsu waje. Ja layi daga tsakiyar bayan dunduniya zuwa saitin yatsa na biyu, ka tsaya a iyakar gaban tafi. Raba layin kashi uku daidai, ka ja layuka a gicciye. Ƙirga gidajen sawun a kowane kashi, ka raba faɗin kashin tsakiya da faɗin ukun gaba ɗaya. Abin da ya kai 0.21 ko ƙasa yana nuna kwarmi mai zurfi, 0.26 ko sama shimfiɗaɗɗiyar ƙafa, tsakaninsu kuwa matsakaiciya.

Mai zurfin kwarmi sawunsa ƙarami ne, wani lokaci ma dunduniya da gaban tafi a rabe suke kamar tsibirai biyu, nauyin duka yana kansu. Mai shimfiɗaɗɗiyar ƙafa yana da faɗi, matsakaicin matsinsa ya fi ƙasa, amma nauyi yana sauka a tsakiya da gefen ciki, wuraren da ba su saba da shi ba. A lura cewa kitse a tafin mai ƙiba ko ƙaramin yaro yana cike kwarmi a sawu ko da ƙashin yana nan a lanƙwashe, don haka sawu shi kaɗai ba ya yanke hukunci.

Idan aka fara tafiya

Duk lissafin baya na tsayuwa ne. A tafiya, ƙarfin da ƙafa ɗaya ke sauke wa ƙasa yakan ɗan zarce nauyin jiki, kamar sau 1.1 zuwa 1.2. A gudu yana kaiwa sau 2 zuwa 3. Bugu da ƙari, tafin ba ya ƙasa gaba ɗaya a kowane lokaci. Daidai lokacin da dunduniya ta tashi za a tura jiki gaba, gindin yatsu da yatsu kawai suka rage. Ga mai kilo 70, niyuton 755 ke nan a kan faɗin da bai wuce 45 ba, wato wajen kilofaskal 168, kuma a ƙarƙashin kan ƙashi guda ko babban yatsa adadin ya fi haka da yawa. Awon takarda ba zai iya kama wannan ba. Asibitocin ƙafa suna amfani da faifai mai na'urorin jin matsi da ake takawa, ko siririyar shimfiɗa da ake sakawa cikin takalmi, kwamfuta ta zana taswirar tafin da launuka.

Saboda haka nauyi da girman ƙafa suna ba da matsakaici, amma ba su isa su faɗi inda matsi zai yi tsanani ba. Siririn mutum mai lanƙwasassun yatsu, ko ƙagaggen babban yatsa, ko kanta mai kauri, zai iya fin mai ƙiba matsi a wuri guda. A gida, kanta ita ce taswirarka: duk inda fata ta yi tauri, can nauyi ke taruwa. Duba kuma shimfiɗar cikin tsohon takalmi, inda ta lotse ko ta yi baƙi.

Takalmi

A rarrabe abu biyu: matsin da takalmi ke yi wa ƙasa, da wanda tafin ƙafa ke ji a ciki. Mace mai kilo 60 idan rabin nauyinta ya sauka kan tsinin dunduniyar takalmi mai faɗin murabba'in santimita 1, ƙasa na jin niyuton 294 a ɗan wurin nan, kilofaskal 2,940, abin da ke huda ciyawa ya lotsa daɓen katako. Ita matar kuwa ba a dunduniya take jin wahalar ba. Tsayin takalmin yana gangaro da nauyi zuwa gindin yatsu, kuma gwargwadon tsayin gwargwadon gangarowar.

Don gwada ko takalmi ya dace, a nan ne zagaye ƙafa da fensir yake da amfani. Yi shi da yamma, a tsaye, domin ƙafa tana ɗan kumbura zuwa ƙarshen yini. Ciro shimfiɗar cikin takalmin ka ɗora a kan zanen. Idan zanen ya leƙo ta gefe, takalmin yana matse ƙafar, yana hana ta bajewa. A gaba kuma a bar rata kamar santimita 1 zuwa 1.5 daga yatsan da ya fi tsawo, wanda ba lallai ne ya zama babban yatsa ba.

Shimfiɗar da aka ƙera ta bi siffar kwarmi tana rage matsi ne ta hanyar ƙara faɗin da ke ɗaukar nauyi. Soso mai laushi ƙwarai yana daɗi a ranar farko, amma a ƙarƙashin mai nauyi yakan lotse ya mutu da wuri, don haka mai jiki ya fi buƙatar mai ɗan tauri. Ɗan matashin da ake sa wa gaban tafi ana manna shi ne dab da bayan kawunan ƙasusuwan, ta ɓangaren dunduniya. Idan aka sa shi daidai ƙarƙashin wurin da ke ciwo, an ƙara wa wurin matsi ke nan.

Masu ciwon sukari

Ga mai lafiyayyun jijiyoyi, zafi ne ke sa ya gyara taku ko ya cire takalmi. Ciwon sukari da ya daɗe yana kashe wannan ji, sai mutum ya yi ta taka wuri ɗaya dubban sau a yini bai sani ba, kanta ta fito, jini ya kwanta a ƙarƙashinta, daga nan ta fashe ta zama gyambo. Likitoci suna gwada jin tafi da wani siririn zaren roba da ke lanƙwashewa a nauyin giram 10, kuma masu ƙera takalmin irin waɗannan majinyata suna neman matsin cikin takalmi ya sauka ƙasa da kilofaskal 200 a wuraren haɗari.

Mai wannan lalura kada ya shafa fenti a ƙafar da ke da faso, tsaga ko rauni, kada kuma ya tsaya a bakin katako mai kaifi don awo. Ya duba tafinsa kullum, da madubi idan ba ya iya ɗago ƙafar, har tsakanin yatsu. Ya sa hannu cikin takalmi ya lalubo tsakuwa ko ƙusa kafin ya saka, kuma kada ya yi yawo ba takalmi ko a cikin ɗaki. Kanta tana ƙara matsi kamar an ɗaura tsakuwa a tafi, amma ma'aikacin lafiya ne zai kankare ta, ba reza a gida ba. Idan an cire takalmi aka ga wuri ya canza launi bai koma daidai ba, ko ya fi takwaransa na ɗaya ƙafar ɗumi, ko kanta ta yi duhu a tsakiya, a daina sa wannan takalmin, a rage taka ƙafar, a kai ta asibiti ba tare da jiran sai ta fashe ba.